Babi na Shida: Bekin Soda Tsakanin Madafi da Ɗakin Jego

Farin garin nan da ake sayarwa a kantuna da rumfunan masu kayan kek da sunan bekin soda, wanda masana ilimin sinadarai suke kira sodiyam baikabonet, yana daga cikin abubuwa ƙalilan da ake samu a madafi da wurin wanki da kantin magani, har ma da cikin tukunyar kashe gobara, kuma wannan yawan amfani nasa ne ya sa ake jingina masa wasu ayyukan da ba zai iya ba. Duk abin da yake yi a gida yana fitowa ne daga halaye uku. Na farko shi ne cewa alkali ne mai rauni, wato yana cikin rukunin sinadaran da ke kashe tsami, kishiyoyin waɗanda ake kira asid. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, inda tsabtataccen ruwa yake zaune a 7, ruwan lemon tsami yake wajen 2, ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki kuma yake ɗara 8 da kaɗan. Na biyu shi ne ƙwayoyinsa suna da ɗan kaushi amma ba su da tauri, saboda haka suna kankare datti ba tare da sun karce yawancin kwanuka ba. Na uku kuwa, idan ya haɗu da abu mai tsami, ko ya sha zafin wuta, yana sakin iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kumfar da ake gani tana tasowa.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya san wannan ɗabi'a tun kafin ya ga kwalin kanti, domin kanwa 'yar'uwar bekin soda ce ta kusa. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Dallol Bosso, gauraye ce ta sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet tare da gishiri da ƙasa da wasu ma'adinai, kuma irin wannan ma'adini ne mutanen Masar na dā suke haƙowa a Wadi Natrun suna busar da gawarwakin sarakunansu da shi. Abin da masana'antu suka yi shi ne ware sashe guda daga cikin wannan gauraye, su tace shi, har ya zama kowane cokali daidai yake da ɗan'uwansa a ƙarfi. Nicolas Leblanc na Faransa ya fito da hanyar samar da sodiyam kabonet daga gishiri a 1791, Ernest Solvay na Beljiyam ya kawo wadda ta fi ta arha da tsabta a shekarun 1860, sannan a 1846 John Dwight da Austin Church suka fara haɗa bekin soda domin sayarwa a Amurka, kasuwancin da daga baya ya shahara da tambarin Arm & Hammer. A yau kaso mai yawa na wanda ake yi a Amurka yana fitowa ne daga ma'adinin da ake haƙowa a yankin Green River na jihar Wyoming, wanda a asalin halittarsa kanwa ce da wani tsohon tafki ya bari bayan ya ƙafe.

Wajibi ne a bambanta shi da wasu fararen garuruwa guda uku da ake iya ɗauka a madadinsa. Bekin fauda bekin soda ce da aka riga aka haɗa da busasshen asid da sitaci, shi ya sa take tayar da ƙulli da kanta da zarar ta jiƙa, alhali bekin soda yana jiran a ba shi nono ko lemon tsami ko wani abu mai tsami kafin ya yi aiki sosai. Sodar wanki kuwa, wato sodiyam kabonet, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, tana kaiwa wajen 11 a ma'aunin pH, kuma tana cin hannu. Mafi haɗari ita ce sodar da mata masu sana'ar sabulu suke amfani da ita, wato sodiyam haidroksaid, wadda take ƙona fata da nama. Asibitoci a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sun sha karɓar yaran da suka kurɓi ruwanta, sau da yawa saboda an jiƙa ta an ajiye a gorar ruwa ko kwalbar lemo, abin da kan ƙona hanyar abinci har ta tsuke, yaro ya kasa haɗiya watanni ko shekaru. Idan hakan ta faru ba a sa yaron amai, domin sodar za ta sake ƙona inda ta bi, asibiti ake nufa da shi nan take.

A girki, aikin bekin soda da na kanwa kusan ɗaya ne. Wake yana saurin nuna a ruwan da ke da ɗan alkali saboda sinadarin pektin, wanda shi ne ke manne ƙwayoyin halittar tsiro da juna, yana saurin narkewa a cikinsa, kuma wannan alkalin ne ya sa ganye yake laushi ya riƙe korensa, tsamin yakuwa da na ƙullin waina da ya kwana yake raguwa. Sai dai akwai asara a ciki, domin alkali yana lalata bitamin B1 da bitamin C, kuma idan hannu ya zarce abinci yana ɗaukar ɗanɗanon sabulu. Ɗan abin da ya kama tsakanin yatsu biyu ya ishi tukunyar wake ta iyali, wanda ya jiƙa wakensa tun dare kuwa da wuya ya buƙace shi. Mai son ganin aikin da idonsa yana iya barbaɗa kaɗan a kofin zoɓo, zai ga kumfa ta taso kuma jan ya dushe ya koma duhu, domin launin zoɓo yana canzawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki.

Maganar kashe wari ita ce aka fi yayatawa, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, saboda wari iri-iri ne kuma bekin soda ba ya maganin dukkansu. Yawancin warin da ke fitowa daga lalataccen nono, man shanun da ya daɗe, amai, gumin hammata da na ƙafa, ƙananan asid ne masu tashi a iska, kamar wanda ake kira butirik asid. Idan suka taɓa bekin soda sai su rikiɗe su zama gishirin da ba ya tashi, hanci kuma ya daina jin su, saboda haka barbaɗa shi a cikin takalmi a bar shi ya kwana, ko jiƙa kular abinci da robar da ta riƙe warin miya a ruwan ɗumi mai cokali biyu ko uku nasa, yana aiki da gaske. Ƙarnin kifi da zarnin fitsarin da ya daɗe kuwa daga sinadarai masu ɗabi'ar alkali suke, amoniya da danginta, don haka abin da ke karya su shi ne tsami, wato lemon tsami ko ruwan khal, bekin soda kuma ɗan abin da zai yi musu bai taka kara ya karya ba. Al'adar ajiye buɗaɗɗen kwali a firji ta yaɗu ne daga tallan da kamfanin Arm & Hammer ya yi a 1972, kuma ko da yake tana da tushe a kimiyya, ƙaramin bakin kwali ba ya barin iska mai yawa ta taɓa garin. Shimfiɗa shi a faranti ya fi, fitar da abin da ya ruɓe a wanke firjin kuma ya fi duka biyun, musamman inda wutar lantarki take ɗaukewa kwana da kwanaki.

Wajen goge-goge, ana kwaɓa kashi uku na garin da kashi ɗaya na ruwa ya yi kauri, a shafa a kan tabon shayi a kofi, ko maiƙon da ya daskare a kan murhun gas, ko bakin famfo da tayil, a bar shi mintuna kaɗan sannan a cuɗa da soso. Tukunyar da abinci ya kama a gindinta ana zuba mata ruwa da cokali biyu a tafasa, kuma tafasar tana ƙara masa ƙarfi domin zafi yana mayar da wani sashe nasa sodar wanki, wadda ta fi iya narkar da maiƙo. Taushin ƙwayoyinsa ne ya sa aka zaɓe shi wajen kankare cikin mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York a gyaran da aka kammala a 1986, saboda ana tsoron yashi zai cinye siririn tagullar da aka yi shi da ita. Amma akwai ƙarfen da ba ya shiri da shi, kuma shi ne wanda aka fi girki da shi a gidajen Hausawa: alminiyam, ko na kanti ko wanda maƙera suke zubawa, yana yin baƙi ya dushe idan ya daɗe a ruwan alkali, kamar yadda duk mai dafa abinci da kanwa ta sha gani a cikin tukunyarta. Wannan rauni na alminiyam ana cin moriyarsa a wani wurin, domin idan aka shimfiɗa takardar alminiyam ta naɗe abinci a kwano, aka zuba ruwan zafi da bekin soda, aka sa zoben azurfa ko sarƙar da ta yi baƙi ta taɓa takardar, sinadarin sulfa da ya baƙanta azurfar yana barinta ya koma kan alminiyam ɗin, ba tare da an goge komai daga jikinta ba. Kayan ado masu duwatsu ko waɗanda aka manna da gam ba a yi musu haka.

Haɗa bekin soda da ruwan khal a kwano guda, wanda ake yawan nunawa a bidiyoyin tsabtar gida, ya fi burge ido fiye da yadda yake tsabtace wani abu, domin kowannensu yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa ne, abin da ya rage bayan kumfar ta kwanta kuwa kusan ruwan gishiri ne. Haka nan bekin soda ba ya cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst aka buga a 2017 ya nuna cewa jiƙa tuffa na minti 12 zuwa 15 a ruwan da ke da kashi ɗaya cikin ɗari na bekin soda yana cire mafi yawan ragowar wasu magungunan feshi guda biyu daga bayan ɓawonta, ban da wanda ya riga ya shige ciki, amma wannan bai shafi ƙwayoyin kwalara ko taifot da ke iya maƙalewa a latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da gurɓataccen ruwa ba. A gobarar man girki kuwa, idan ƙarama ce, watsa shi da yawa yana taimakawa saboda iskar da yake saki tana hana wuta numfashi, sai dai abin da ke kwalin madafi da wuya ya isa, kuma kashe murhu da rufe kaskon da murfin ƙarfe shi ne matakin farko. Ruwa ko garin fulawa ba sa kusantar man da ya kama da wuta.

A ɗakin jego ne ya kamata a ja layi mai kauri tsakanin kayan jariri da jikin jariri. Ga kaya, bekin soda abokin aiki ne mai arha wanda ba shi da turare ko launin da zai dami fata. Tumbuɗi nono ne da ya gauraya da asid ɗin ciki, saboda haka zanen goyo da riguna da tawul ɗin da suka riƙe tsaminsa suna sakin warin idan aka jiƙa su na rabin sa'a a bokitin ruwa mai cokali uku ko huɗu kafin a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Katifar da aka yi wa amai ana fara tsane ta da tsumma, a barbaɗa garin, a bar shi ya bushe sannan a kakkaɓe shi tas a waje, nesa da jaririn, domin kowace irin hoda tana iya shiga huhunsa. Nafkin na yadi da ledar shimfiɗa masu zarni sun fi buƙatar wanki da wuri da ruwa mai yawa da zafin rana. Fida da kofi da cokalin jariri ana iya cuɗa su da shi don cire warin madara, amma hakan bai ɗauke tafasa su a ruwa ba, tunda ƙwayoyin da ke haddasa gudawa ba su damu da shi ba.

Fatar jariri kuwa wani lissafi ne dabam. Fatar mutum mai lafiya tana da ɗan tsami a samanta, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, kuma wannan tsamin yana daga cikin garkuwarta, domin yana hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa yana kuma taimaka wa maiƙon da ke riƙe danshi. Ana haihuwar jariri fatarsa tana kusa da 7, sai a makonnin farko take gina tsaminta a hankali, ga ta kuma siririya tana barin abubuwa su ratsa fiye da ta babba. Jan da ƙurajen da ke fitowa a mazaunai da matsematsin yaron da ke sanye da famfas ko nafkin suna faruwa ne idan fitsari da kashi suka daɗe tare, ƙwayoyin da ke cikin kashi suka farfasa sinadarin yuriya na fitsari ya koma amoniya, tsamin fata ya ragu, sinadaran narkar da abinci da suka fito tare da kashin kuma suka farka suka fara cin fatar. Wanda ya shafa bekin soda a irin wannan wuri yana tura fatar ne zuwa ɓangaren da ciwon ya fito. Ban da haka, fatar da ta saɓule tana tsotse shi zuwa cikin jini, kuma a 1981 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga labarin wani jariri da jininsa ya rikice ya yi alkali fiye da kima sakamakon bekin sodar da ake sa masa a kan irin waɗannan ƙuraje. Abin da ke warkar da su sananne ne kuma ba shi da tsada: yawan canza famfas, wanke wurin da ruwa zalla, barin sa ya sha iska, da shafa man kariya mai sinadarin zinc oxide ko man Vaseline. Idan ya wuce kwana uku bai lafa ba, ko ya yi jajir da ƙananan ɗigo a gefe, mai yiwuwa ƙwayar fangas ce ta shiga, wadda take da maganinta a asibiti. Cibiyar jariri ma ba a sa mata shi, ba a sa mata toka ko man goge baki, man chlorhexidine ne hukumomin lafiya na Nijeriya suka amince da shi. Inda wasu likitoci suke yarda da shi a jiki shi ne ga yaron da ya tasa, a zuba kaɗan a ruwan wanka don rage ƙaiƙayin ƙarambau ko ƙurajen zafi, matuƙar fatar ba ta fashe ba, a kuma ɗauraye shi bayan mintuna kaɗan.

Ba wa jariri shi a baki ya fi komai haɗari, kuma lissafin sodiyam ɗin da ke ciki ya isa hujja. Rabin ƙaramin cokali na bekin soda yana ɗauke da sodiyam kimanin miligiram 630, alhali abin da jaririn da bai kai wata shida ba yake buƙata a yini bai wuce miligiram 120 ba, kuma nonon uwa yana ba shi wannan cif. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da rarar ba, don haka sodiyam yana taruwa a jini ya janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, abin da kan kai ga jijjiga, suma, ko mutuwa. Kuka da murɗawar cikin da jarirai kan yi a watannin farko, wanda yakan lafa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu, ba daga yawan asid yake ba balle a ce za a kashe shi da alkali, kuma ruwan maganin ciki na jarirai da ake sayarwa a kemis, wanda William Woodward ya fara haɗawa a Ingila a 1851 kuma har yau yawancinsa da baikabonet a ciki, ba a tabbatar da amfaninsa a bincike ba. Wasu suna kafa hujja da cewa ruwan gishiri da sukari na ORS ma yana da shi. Gaskiya ne haɗin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da giram 2.5 na baikabonet a kowace lita, amma an auna shi ne da ma'aunin masana'anta, kuma a 1984 aka maye gurbinsa da sitiret saboda ƙunshin yana saurin lalacewa a ƙasashe masu zafi da danshi. Yaro mai gudawa ƙunshin ORS da ƙwayar zinc yake buƙata, a haɗa kamar yadda aka rubuta a jiki, ba tare da ƙarin komai ba.

Ita ma maijego batun ya shafe ta. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Eldryd Parry, sun bayyana yawan ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya da kewaye, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, domin sodiyam yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara fito da wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma nauyin da sodiyam ke ɗora wa zuciya da jijiyoyi ba abin musu ba ne, kuma bekin soda bai fi kanwa sauƙi ta wannan fuska ba don kawai ya fi ta fari. Babban mutum mai lafiya yana iya narkar da rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwa ya sha don ƙwannafi jefi-jefi, sai dai wannan kaɗai ya cinye kusan sulusin miligiram 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba a yini. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da wanda ke shan wasu magunguna ba su sha sai da izinin likita, kuma ba a shan sa a kan cikin da ya cika maƙil, saboda iskar da yake saki a lokaci guda ta taɓa fasa tumbin wasu mutane. Ƙwannafin da yake dawowa kullum har mako biyu yana iya zama alamar gyambon ciki, wanda yawancinsa ƙwayar cuta ce ke haddasa shi kuma ana warkar da shi da magani.

Garin yana jan danshi da warin abin da ke kusa da shi, saboda haka da damina yakan dunƙule idan aka bar shi a kwalinsa na takarda, gara a juye shi a kwalba ko roba mai murfi, a rubuta sunansa a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa kuma nesa da madarar gari da sukari da yake kama da su. Ana gane wanda ke da sauran ƙarfi ta hanyar ɗiga masa lemon tsami: idan ya yi kumfa nan take ya isa a sa a kek, idan ya yi sanyi-sanyi sai a mayar da shi wurin wanke-wanke, inda kaushinsa kaɗai ake buƙata.